Mukullin Babur a Hannun Uwa: Yadda Za Mu Taimaki Matasanmu Su Yi Tuƙi Lafiya

    

Yau hirar tamu a kan 'ya'yanmu matasa ce da abin hawa, wato babur da mota da Adaidaita Sahu. Na san wata za ta ce, "Haba, ni da ko zaure ba na leƙawa sai da dalili, ina ni ina maganar titi? Ai wannan zancen maza ne." To 'yar uwa, tsaya ki ji. Wa yake aiken yaron nan cefane? Wa yake cewa ya kai niƙa, ya kai wa Hajiya tuwo, ya ɗauko ƙannensa daga Islamiyya? In kuma unguwa ta kama da daddare, barka ko gaisuwa ko dubiya, wa yake hawa bayansa? Sau da yawa ma in maigida ya fita, a ɗakinki ake rataye mukullin. Ashe ke nan yawancin fitar da yaron nan yake yi daga bakinki take farawa. In kuma, Allah ya kiyaye, aka kawo shi ranga-ranga, ke ce mai jinya. Saboda haka maganar nan tamu ce.

Bari mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ne suke rasa ransu kowace shekara a haɗarin hanya, kuma a duniya babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ita ce kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a, alhali mu ne muka fi ƙarancin motoci. A nan Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muka fi sani da Rod Sefti, ta ƙirga mutum sama da 5,000 da suka rasu a kan hanya a 2023, haka kuma a 2024. Wannan fa wanda ya shiga takarda ke nan. Yaron da ya faɗi a lungu aka kai shi wajen mai ɗori, ko wanda ya cika a gida bayan kwana biyu, ba lalle ne lissafi ya biyo ta kansa ba.

Me ya sa abin ya fi cin matasa?

Dalili na farko a cikin halitta yake. Masana sun gano cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake sa mutum ya tsaya ya auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Amma sashen da yake son burgewa da jin daɗin gudu, tun daga balaga yake tashi da ƙarfinsa. Kin ga ke nan totur ya riga birki ƙwari. Shi ya sa za ki ga yaro mai ladabi, mai karatu, ba ya ɗaga ido ya kalle ki, amma da ya hau babur sai ya zama wani daban. Ba lalle ne ya lalace ba, shekarunsa ne. Aikinmu shi ne mu zame masa birki kafin nasa ya yi ƙwari.

Na biyu, rashin gogewa. Iya tayar da babur da sa giya abu ne na kwana uku. Abin da yake ɗaukar shekaru shi ne karanta hanya. Gogaggen direba in ya ga ƙwallo ta gangaro titi, ya san akwai yaro a bayanta. In ya ga Adaidaita Sahu ta rage gudu, ya san tana iya tsayawa ko ta juya babu sigina. In ya ga akuya ɗaya ta tsallaka, ya san 'ya'yanta na tafe. Sabon hannu bai san wannan ba, gabansa kawai yake kallo. Mu ma ai mun sani a ɗakin girki: yarinya tana iya tuƙa tuwo, amma sanin miya ta kusa kamu tun kafin a ji ƙauri sai wadda ta daɗe. A Amurka, inda suke bin lissafin nan daki-daki, sun samu cewa in aka kwatanta nisan tafiyar da kowa ya yi, masu shekara 16 zuwa 19 sun ninka waɗanda suka kai 20 kusan sau 3 wajen shiga haɗarin da ake rasa rai, kuma watannin farko na fara tuƙi su ne mafi hatsari.

Na uku, abokai. Yaro shi kaɗai tuƙinsa daban, in ya goya abokansa tuƙinsa daban. Wannan ya ce "ba shi wuta", wancan ya ce "kar ka bari ya wuce mu". Bincike ya tabbatar cewa duk saurayin da aka ƙara a mota, hatsarin direba matashi ƙaruwa yake yi.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya ba a ba mutum lasisin tuƙi sai ya cika shekara 18, babur ne ko mota. Hanyar kuma a fili take. Yaro zai shiga makarantar koyon tuƙi wadda Rod Sefti ta amince da ita, ya karɓi takardar izinin koyo, a manna wa motar jan harafin L gaba da baya, kuma kullum da mai lasisi a gefensa. In ya gama, jami'an VIO su gwada shi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, sannan a ba shi lasisi. Don Allah kada mu yarda da "kawo kuɗi a fito maka da shi". Lasisin da aka saya a bayan fage ba zai taka wa yaro birki ba.

To na san halin da ake ciki. A unguwanninmu yaro ɗan shekara 13 ko 14, ƙafarsa da kyar take taɓa ƙasa, shi ne yake jan babur ɗin gida. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, samari da yawa suka koma Adaidaita Sahu, har ka ga wanda gemu bai fito masa ba yana ɗaukar fasinja. Mu gaya wa kanmu gaskiya: yaron da bai kai 18 ba, doka ba ta san shi a kan titi ba. Ranar da ya buge ɗan wani, ba shi kaɗai za a nema ba, har da wanda ya ba shi mukulli. Ga kuɗin asibiti, ga zaman sulhu ko kotu, ga zumuncin maƙwabtaka da ya ɓaci, ga kuma abin da zai zauna a zuciyar yaron har tsufansa.

Aike: inda hannunmu ya fi kaiwa

Za ki ce, "To in na hana shi, wa zai yi mini aike, ni da ba fita nake ba?" Tambaya ce mai kyau. Mu macen da ke cikin gida, 'ya'yanmu su ne ƙafafunmu. Amma akwai dabara.

Da farko a rage yawan fitar. Maimakon a aiki yaro sau biyar a wuni, yanzu gishiri, an jima kalwa, can kuma gawayi, ki zauna da safe ki haɗa duk abin da kike bukata, a yi fita ɗaya. Abin da ba ya lalacewa, a roƙi maigida ya sayo na mako ko na wata gwargwadon hali. Aiken cikin unguwa kuwa, ƙafa ta isa, ko keke. In da nisa, kuɗin Adaidaita Sahu ya fi kuɗin ɗori sauƙi.

Sai kuma kalmar nan da take bakin kowace uwa: "Yi sauri!" Mun ɗora tukunya sannan muka tuna babu attaruhu, sai mu ce, "Maza ka je, kar ka daɗe, in na tofa yawu kafin ya bushe ka dawo." Yaro mai biyayya zai ɗauki wannan a matsayin umarni, ya murɗa totur don ya faranta miki. In kuma ya makara muka rufe shi da faɗa, gobe sai ya ƙara wuta. 'Yar uwa, gara miya ta makara. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana. Mu sauya kalmar, mu riƙa cewa, "Je ka a hankali, ba sauri nake ba." In ya dawo a makare, ki fara da "sannu da hanya" kafin ki tambayi dalili.

Wannan ya fi muhimmanci da azumi. Gab da shan ruwa kowa gudu yake, ga yunwa, ga ƙishirwa, ga rashin barci, ga hankali ya tafi gida. Lokacin ne kuma muke aiken yara kai ƙosai da kunu gidan surukai, ko sayen ƙanƙara. A kai tun da la'asar sakaliya, ko a bari sai an sha ruwa an natsu.

Lissafin gudu

Rod Sefti ta sha faɗa cewa gudun wuce kima shi ne kan gaba a cikin abubuwan da suke jawo haɗari a ƙasar nan. Ƙa'ida ita ce, a cikin gari kada a wuce kilomita 50 a awa ɗaya. Mota ta gida a babbar hanya 80, a tagwayen hanya 100. Babur kuwa 50 ne iyakarsa. A lungu da bakin makaranta da kasuwa, ko 30 ma ta isa.

Ga wani lissafi da za ki iya yi wa ɗanki ko kina tankaɗe. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin mita 16 da ɗoriya a cikin sakan ɗaya. Fulotin gida mai ƙafa 50 mita 15 ne. Wato kowane sakan ɗaya ya wuce gida guda. Daga lokacin da idonsa ya ga yaro ya ɓullo zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, sakan ɗaya ko fiye ya tafi, gida guda ya wuce ko birkin bai fara ci ba. Sannan in an ninka gudu sau 2, nisan da birki yake bukata kafin a tsaya ninkuwa yake sau 4. Wanda kuma ya yi karo da bango yana gudun kilomita 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. Ki tambaye shi, zai yarda ya diro daga can?

Ki koya masa kuma ya bar tazara. In motar gabansa ta wuce wata alama, kamar turken lantarki, ya ƙirga sakan 3 a nitse. In ya iso turken kafin ya gama, ya matse da yawa. Da damina, musamman ruwan farko da yake taso da maiƙon kwalta, da lokacin hazo, a ƙara tazarar. Kada ya raɓi tirela ko tifa, domin akwai wuraren da direbanta ba ya hango mai babur ko kaɗan. In ba ya ganin fuskar direban a madubin motar, to shi ma direban ba ya ganinsa. Aron hannu da tsallake danja kuwa, ko da babu ɗan Karota a wurin, a gaya masa ba a yi.

Da rarrafe yaro kan tashi

A 1987 ƙasar Niyu Zilan ta fito da wani tsari na ba matasa lasisi hawa-hawa, daga baya Kanada da jihohin Amurka da Ostareliya suka ɗauka, kuma an ga haɗarin matasa ya ragu. Tsarin ba wani abu ba ne illa abin da kowace uwa ta sani wajen yaye: ba rana ɗaya ake ba jariri tuwo ba. Muna iya yin namu a cikin gida, mu da maigida.

Hawa na farko, kafin ya kai 18, na kallo ne da sanin abin hawa. In yana bayan mahaifinsa ko a gefensa, a riƙa nuna masa alamomin hanya, ana tambayarsa, "Me ka hango a gaba? Me kake jin wancan zai yi?" Ya koyi duba iskar taya da birki da fitila da sarƙa.

Hawa na biyu, bayan ya shiga makarantar tuƙi, ya yi ta gwaji tare da babba mai haƙuri, wanda shi kansa ba ɗan ganganci ba ne. A fara da fili, sannan titi marar cunkoso, sannan shataletale da kasuwa. Kada a ce yayansa ɗan shekara 19 ne zai koya masa, makaho ba ya yi wa makaho jagora.

Hawa na uku, in lasisi ya fito, a ba shi wata shida yana fita shi kaɗai, da rana kawai, a hanyoyin da ya sani. Babu goyon abokai, babu ɗaukar ƙanne, kuma kafin magariba mukulli ya dawo hannunki.

Hawa na huɗu, in wata shidan nan sun wuce lafiya, a ƙara masa mutum ɗaya. Tuƙin dare da tafiya wani gari su ne na ƙarshe, su ma a fara da babba a tare da shi.

A yi wannan magana a zaune, a fili, tun kafin a miƙa mukulli, kowa ya san sharaɗi. In ya karya, a karɓe mukullin na mako ɗaya ko biyu, ba zagi ba duka. In ya kiyaye, a yaba masa a gaban mahaifinsa. Yabon gwani ya zama dole, kuma saurayi yana son a ɗauke shi babba.

Hular kwano, bel da goyo

Wasunmu za su tuna watan Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta sa hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu. An yi dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Ƙafa in ta karye ana ɗora ta, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan shi ne aikinsa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba a ɗorinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai inganci, in an sa ta daidai, tana rage hatsarin mutuwa fiye da sau 6, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Sharaɗin shi ne ta zauna daidai kai, a ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba, ita take fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa. Hular 'yan gini ba ta wannan aiki ba ce. Wadda kuma ta taɓa buguwa da ƙarfi a sauya ta ko ba a ga tsaga ba. Duk wanda ya iya sayen babur ya iya sayen hula. In kuɗin adashi ya zo hannunki, ki saya masa, ki rataye ta tare da mukulli, kada ɗaya ya fita babu ɗaya. Silifa ma a bar ta a gida, a sa takalmi mai rufi.

A mota kuwa bel ne, gaba da baya. Yana rage hatsarin mutuwa da kusan rabi. In ɗanki ko 'yarki ce take tuƙa ki, ke ki fara ɗaurawa, kada ki ce zai yamutsa miki kwalliya.

Babur na mutum biyu ne. Mu ne kuma muke hawa da goyo a baya, wani a cinya, wani a kan tanki, ga kular abinci, a ce yaro ɗan 18 ya ja. Nauyi yana sa birki ya ƙi ci da wuri, yana sa kan babur rawa. In ku da yawa ne, a kira Adaidaita Sahu. In kin hau kuma, ki tattare hijabinki da bakin zanenki ki danne a cinya. Dogon hijabi in ya shiga sarƙa ko taya, fizgo mace yake ta baya, ta wuya, a cikin ƙiftawar ido. Ki gaya wa 'yan matanki wannan, musamman 'yan Islamiyya.

Waya, barci da ƙwaya

Mai amsa waya yana tuƙi ya ninka hatsarinsa kusan sau 4. Sakan 3 da zai yi yana duba saƙo a gudun kilomita 60, ya ci mita 50 ido rufe, gida uku ke nan. To wa ya fi kiran yaron nan in ya fita? Mu ne. "Kana ina? Ka taho da tumatir." Shi kuma ba zai iya ƙin ɗaga wayar mahaifiyarsa ba. Ki ce masa, "Na yafe maka, in kana tuƙi kada ka ɗauka ko ni ce. In ka tsaya ka kira ni." Abin sauraren kiɗa da suke toshe kunne da shi, shi ma a cire, domin kunne rabin ido ne a kan titi.

Barci kuma ɓarawo ne, ba ya sallama. Matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwana kallon ƙwallo ko latsa waya har ƙarfe biyu, kada a ba shi mukulli da asuba. Wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi, irin su Piriton, suna sa gyangyaɗi, wanda ya sha ya haƙura da tuƙi.

Sai babbar masifa, shaye-shaye. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya yi wa matasa illa, amma har yanzu akwai taramol da wiwi da sholisho. Wasu masu tuƙin haya suna sha wai don kada su gaji. Ke kike wanke kayansa, ke kike share ɗakinsa, ke kike ganin idonsa in ya shigo. In kin ga fankon ƙwaya a aljihu, ko jan ido, ko magana tana jan harshe, ko barcin da ya wuce kima, kada ki rufe don gudun abin kunya ko gorin kishiya. Ranar nan mukulli ba ya fita. A sanar da mahaifinsa, a nemi taimakon likita. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Biki da Sallah

Ranar kai amarya da yawon Sallah, nan ne ake wasan mota da na babur: a saki hannu, a ɗaga tayar gaba, a juya mota tana ƙara tana ƙura, 'yan mata suna shewa. Gidan biki nawa ne ya koma gidan makoki a dalilin haka? Mu mata mu ne masu biki. Uwar amarya da uwar ango suna da ikon cewa, "Motar da za ta ɗauki 'yata da ƙawayenta, dattijo ne zai ja, kuma duk wanda zai yi wasa ba da rakiyarmu ba." Ki ja kunnen 'yarki kada ta shiga motar da aka cusa mutum takwas, kada kuma ta yi wa mai ganganci guɗa. Ranar da 'yan mata suka daina tafi, rabin wasan nan ya mutu.

Yadda za ki shawo kan maigida

Wani uban alfahari yake yi, "Ai ɗana tun yana ɗan 12 yake jan mota." Wani kuma shi kansa ba ya sa hula, yana waya yana tuƙi, yaro kuwa abin da ya gani yake ɗauka. Kada ki tare shi a gaban yara, ko yana shigowa a gajiye. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce, "Maigida, ina da shawara in ka ba ni dama. Yaron nan hankalina ba ya kwanciya in ya fita. Me zai hana mu sa masa ƙa'ida, kai ne za ka faɗa masa, ni kuma in riƙe mukullin?" In gidan da abokiyar zama, ku haɗa baki, doka ta zama ɗaya ga 'ya'yan kowane ɗaki, don kada a ce an hana wani an bar wani. Ɗa na kowa ne. In abin ya faskara, a bi ta wajen kakarsu ko wani babba da maigida yake jin nauyinsa.

In tsautsayi ya faru

Yara da yawa in sun faɗi ɓoyewa suke don tsoron faɗa. Ki gaya wa naki tun yau cewa duk abin da ya faru ya faɗa miki, ransa ya fi babur. Wanda kansa ya bugu, ko da ya tako da ƙafarsa ya shigo gida, a sa masa ido kwana biyu, domin jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali. In yana amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, ko yana sambatu, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa ko madara. Wanda yake kukan wuya ko baya kada a ciccibe shi a naɗe, a kwantar da shi a miƙe a kan abu mai tauri, kai da wuya ba sa motsi. Inda jini yake zuba a danne da tsumma mai tsabta. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce. Lambar gaggawa ta Rod Sefti ita ce 122, ki sa a rubuta miki ita a bango, a sa a wayar kowane yaro. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa.

Na san in an yi wannan magana akan ce, "Ai abin da Allah ya ƙaddara babu makawa." Haka ne, babu mai ja. Amma ko a cikin gida ba ma barin mai rarrafe kusa da murhu mu ce ƙaddara, rijiya ma rufe ta muke yi. Addu'ar uwa ga ɗanta in zai fita kada ta yanke, sai dai a haɗa ta da hular kwano da ƙa'ida. Rigakafi ya fi magani.

To 'yan uwana, aikin wannan mako guda biyu ne. Yau ki duba inda mukullin gidanku yake kwana, da wanda yake iya ɗauka ba tare da an sani ba. Gobe kuma in za ki yi aike, ki cire "yi sauri" daga bakinki. Wadda ta ji ta gaya wa maƙwabciyarta ko ta kan katanga ne. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.